Wanda ya ci cacar lotari, ina rayuwarsa ke dosa bayan haka?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Muna yawan gani a waya cewa wani a Amurka ko Ingila ya ci miliyoyi a cacar lotari. Abokina ya ce ya karanta cewa kashi 70 cikin ɗari na masu cin irin wannan kuɗi suna tsiyacewa cikin 'yan shekaru. Ni kuma na ce wanda ya kama dala miliyan ɗari ai shi da talauci sai dai ya ji a bakin wasu. Wa ya fi gaskiya a cikinmu? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ka fi abokinka kusa da gaskiya, amma kada ka yi saurin yi masa dariya, don kai ma akwai gyara a maganarka.

Wannan kashi 70 ɗin ya daɗe yana yawo a jaridu da intanet, ana jingina shi ga wata cibiyar wayar da kai kan harkar kuɗi a Amurka mai suna NEFE. A 2018 cibiyar ta fito da kanta ta ce ba ta da wani bincike da ya nuna haka. Duk da haka har gobe ana maimaita shi, saboda labarin mai kuɗin da ya faɗi ya fi daɗin ji.

Kuma labaran akwai su, ba ƙirƙira ba ne. Jack Whittaker, ɗan kwangila a jihar West Virginia, ya ci dala miliyan 314.9 a cacar Powerball a Disambar 2002. Dama can mai hali ne. Bayan cin nan masu roƙo da masu kai shi kotu suka yi masa caa, ya faɗa shaye-shaye, aka fasa motarsa aka ɗauke jakar da ke ɗauke da sama da dala dubu 500, aurensa ya mutu, jikarsa da yake yi wa ɓarin kuɗi aka tsinci gawarta a 2004. A Ingila, Michael Carroll, mai kwashe shara ɗan shekara 19, ya ci fam miliyan 9.7 a 2002, kafin 2010 ta ƙare babu ko sisi. Na Abraham Shakespeare ya fi muni: ya ci dala miliyan 30 a Florida a 2006, aka kashe shi a 2009, kuma matar da ta shiga jikinsa da sunan kula masa da dukiya ita kotu ta kama da laifin.

Sai dai mutum uku ba su ne duniya ba. Wanda ya ci ya biya bashin gidansa ya ci gaba da zuwa aiki shiru, wane ɗan jarida ne zai bi shi? Don haka masana tattalin arziki suka koma ga takardun hukuma. A Suwidin, inda gwamnati ke riƙe da bayanan albashi da haraji na kowa, David Cesarini da abokan aikinsa sun bi sawun dubban masu ci na shekaru da dama. Sun tarar yawancinsu ba sa barin aiki. Suna dai ɗan sassautawa, abin da suke samu da guminsu a shekara yana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin ɗari na abin da suka ci. Kuɗin kuma a hankali suke cin sa. A wani binciken da suka fitar a 2020, waɗanda suka ci da yawa sun nuna sun fi gamsuwa da rayuwarsu, har bayan fiye da shekara goma. Amma farin cikin yau da kullum da lafiyar ƙwaƙwalwa ba su motsa sosai ba. Wato kuɗin yana cire fargabar haya da asibiti da kuɗin makaranta, halin mutum kuwa yana nan yadda yake.

Binciken da ya fi jan hankalina shi ne na Florida, wanda aka wallafa a 2011. An kwatanta waɗanda suka ci tsakanin dala dubu 50 zuwa dubu 150 da waɗanda suka ci ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A shekaru biyun farko masu babban rabo sun fi tsira daga karyewa. Da aka kai shekara biyar, sai bambancin ya ɓace. Kuɗin jinkirta faɗuwar kawai ya yi. Mutumin da kashewarsa ta fi samunsa, in ka zuba masa kuɗi, kamar zuba ruwa ne a tulu mai huji.

Yanzu ga gyaran da na ce akwai a maganarka. Adadin da kake gani a waya ba shi ke shiga aljihu ba. A Amurka sai wanda ya yarda a riƙa biyansa kashi-kashi har sau 30 cikin shekara 29 ne zai ga wannan jimla. Mai son a ba shi a dunƙule, kusan rabi zai karɓa. Edwin Castro da ya ci dala biliyan 2.04 a California a Nuwambar 2022, dala miliyan 997.6 aka lissafa masa, sannan gwamnatin tarayya ta zo da harajinta, wanda a wannan mataki yake kaiwa kashi 37. A Ingila ba a cire haraji daga abin da aka ci. Bayan hukuma sai dangi da abokai da 'yan damfara masu kawo shawarar zuba jari. Wannan ba sai na yi maka dogon bayani ba. Ka san yadda ƙofar gidan wanda aka biya garatuti ke cika. Har maƙwabta abin ke shafa: a Holan an gano cewa maƙwabtan wanda ya ci sun fi saurin sayen sabuwar mota.

Abin da ku biyun ba ku taɓo ba, a ganina, ya fi duk wannan muhimmanci. Damar cin babban rabon Powerball ɗaya ce cikin kusan miliyan 292. Kowace dala da Whittaker ya karɓa daga aljihun waɗanda ba su ci ba ta fito, kuma masu ƙaramin ƙarfi su ne ke kashe kaso mafi girma na samunsu a tikiti. In kana son ganin abin da caca ke yi wa rayuwa, dubi matashin da ke zuba kuɗin cefane a Baba Ijebu ko cacar ƙwallo ta waya kowane mako. Hukuncinta ga Musulmi kuwa aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta riga ta yanke, a nan ba a bambanta wanda ya ci da wanda aka cinye ba.