Tambayoyin Fasaha: Fitilata ta ƙi ƙyaftawa, sai kyarma take yi

Tambaya, daga wani ɗalibi a unguwar Birni, Damagaram: Malam, barka da aiki. Ina da Arduino Uno, ƙaramin allon lantarki da ake rubuta wa kod. Da farko na sa fitilar LED tana ƙyaftawa da umarnin delay, komai lafiya. Da na ƙara maɓalli sai na ga idan na danna, wani lokacin ya ji, wani lokacin ya ƙi ji. Aka ce in koma ga katsewar agogon ciki. Na yi amfani da Timer1, na sa rabawa ta 1024, na ba OCR1A, wato gurbin lambar da ƙirga za ta kai, lamba 15624, amma maimakon ta riƙa kunnuwa da mutuwa kowane daƙiƙa, sai kyarma take yi kamar a kunne take. Ina na kuskure?

Amsa: Barka kadai, ƙanena. Lissafinka daidai ne, kuma na ji daɗi da ka kai nan da kanka.

Mu fara da maɓallin. Idan ka ce wa ATmega328P, wato ƙwaƙwalwar da ke kan allon Uno, ta yi delay na 1000, ka zaunar da ita ne daƙiƙa guda cur ba ta duba komai. Ka danna ka saki a cikin wannan lokacin, ba ta gani ba. Dubi ɗan kasuwa a Kasuwar Dole: ba ya barin ciniki ya ƙura wa agogo ido yana jiran azahar. Ciniki yake yi, ladan ya kira, ya tashi ya yi salla, ya dawo ya ɗora daga inda ya tsaya. Katsewa ke nan. Agogon yana ƙirgarsa shi kaɗai a gefe, sai lokaci ya yi yake taɓo ƙwaƙwalwar.

Agogo uku ne a ciki. Timer0 da Timer2 ba sa wuce 255 a ƙirga, Timer1 kuwa yana kaiwa 65535. Kar ka taɓa Timer0, don a kansa delay da millis, mai ƙirga lokacin da ya wuce tun tashin allon, suka dogara. Allon yana bugawa sau miliyan 16 a daƙiƙa, wanda ya yi wa ƙirga yawa, shi ya sa ake rabawa, kamar yadda ba a ƙirga hatsi ƙwaya ƙwaya sai da tiya. Miliyan 16 a raba da 1024 ya ba da 15625. Tunda daga sifili ake farawa, sai a cire ɗaya, ya zama 15624 ɗin da ka rubuta.

To ina matsalar? Ban ga kod ɗinka ba, amma wannan kyarmar na san ta sarai, na sha ganinta a allunan ɗalibai, kuma kusan kullum abu ɗaya ne: ba ka share TCCR1A, ɗaya daga cikin guraben saitin Timer1, ba. Kafin naka kod ɗin ya fara gudu, manhajar Arduino ta riga ta shirya Timer1 don aikin analogWrite, umarnin rage ko ƙara ƙarfin wutar da ke fita, a ƙafa ta 9 da ta 10 na allon, ta kunna WGM10, ɗaya daga cikin makunnan da ke zaɓar yanayin ƙirga. Kai kuma ka zo ka kunna WGM12 a kai. Haɗuwar biyun ba ta ba da yanayin CTC da kake nema ba, wanda ƙirga ke komawa sifili da ta kai lambar OCR1A, ta ba da wani yanayin da ƙirga ke tsayawa a 255 ta koma sifili. Raba 15625 da 256, za ka samu kimanin 61. Sau 61 ke nan a daƙiƙa ake juya fitilarka, shi ya sa ido ke ganin kyarma kawai.

Gyaran ba shi da tsawo. A cikin setup, sashen kod da ke gudu sau ɗaya da tashin allon, dakatar da katsewa da noInterrupts, ka mayar da guraben saiti TCCR1A da TCCR1B, da gurbin ƙirga TCNT1, duk sifili. Sannan ka sa OCR1A, ka kunna WGM12 da makunnan rabawa CS12 da CS10 a TCCR1B, ka kunna OCIE1A a TIMSK1 don ba Timer1 izinin katsewa, ka sake buɗe katsewa. Ɗan kod ɗin da za a kira duk lokacin da katsewa ta zo, wanda ake ce wa ISR, shi ne mai suna TIMER1_COMPA_vect. Ka rubuta sunan harafi da harafi, don idan ka kuskure kod ɗin zai iya hawa allon lafiya, amma da lokaci ya cika sai allon ya riƙa sake tashi daga farko.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne ladabin cikin ISR: shiga, juya fitilar, fita. Ban da delay a ciki, don yayin da kake ciki sauran katsewa a rufe suke, agogon da delay ke saurare ba zai ci gaba ba, allon ya sandare. Ban da Serial.print, umarnin aika rubutu zuwa kwamfuta. Idan akwai babban aiki, ɗaga tuta a ISR, wato ka canza wata lamba a matsayin alama, loop, sashen kod da ke ta maimaituwa, ya gani ya yi aikin, kuma ka rubuta volatile gaban wannan tutar don loop ya riƙa ganin canjinta.

Fitilar da ke kan allon tana ƙafa ta 13. Idan taka ce ta waje, sa mata rezista mai om 220, wutar za ta tsaya wajen miliamfiya 14, ƙasa da 20 ɗin da ya kamata ƙafa ɗaya ta ɗauka. Gaskiya don ƙyaftawa kaɗai millis ma ya isa, amma ban so ka ja da baya, tunda saura layi ɗaya ka ƙarasa.

Tambaya, daga wani mai gyaran salula a Zango: Zan iya yin agogo da wannan dabarar, ya riƙa kunna injin jan ruwa zuwa tanki da asuba?

Amsa: Ban ba ka shawara ba, maigida. Abin da ke ba Uno bugunsa na iya kaucewa da kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari, wato har minti 7 a yini, kuma zafin Afrilu da Mayu namu yana ƙara jirkita shi. Wuta na ɗaukewa kuma, ƙirgar ta koma sifili. Nemi DS3231, agogo ne mai ɗan batirinsa, yana gyara bugunsa daidai da zafin wuri. Injin kuma kar ka haɗa shi kai tsaye da allon, sai ta rile, wato makunnin da allon ke sarrafawa, mai ƙarfin ɗaukar wutarsa.