Shin maciji ya yi magana da Nana Hauwa'u a Aljanna?

Tambaya: Malam, tun muna yara muke jin cewa maciji ne ya yaudari Nana Hauwa'u har aka ci ɗan itaciyar da aka hana, kuma wata maƙwabciyata Kirista ta ce haka yake a littafinsu. Shin wannan yana cikin Alƙur'ani? Kuma me ya sa dabbobi suke magana a labaran farkon halitta?

Amsa: Malama, babu maciji a ƙissar Annabi Adamu (AS) kamar yadda Alƙur'ani ya kawo ta. Labarin cin itaciyar ya zo a Suratul Baƙara, aya ta 35 da 36, da Suratul A'araf, daga aya ta 19 zuwa 25, da Suratu Ɗaha, aya ta 120 da 121, kuma a duk wuraren nan Shaiɗan ne aka ambata. A A'araf su biyun ya yi wa waswasi, a Ɗaha kuwa Adamu ya tunkara, saboda haka ɗora wa Hauwa'u laifin ita kaɗai ba shi da madogara a ayoyin.

Maƙwabciyarki ta faɗi gaskiya game da littafinsu. A Littafin Farawa, wato littafin farko na Attaura, sura ta 3, an siffanta maciji da cewa ya fi kowace dabba wayo, kuma shi ne ya tambayi matar ko da gaske Allah ya hana su ci, sannan ya tabbatar mata cewa ba za su mutu ba. Hukuncinsa shi ne ya riƙa jan ciki yana cin turɓaya. Surar ba ta kira shi Shaiɗan ba. Wannan fassarar daga baya ta kafu, kuma Kiristoci suna kafa hujja da littafin ƙarshe na Baibul, wato Ru'ya ta Yohanna 12:9. In ban da macijin nan, dabbar da ta yi magana a Attaura ita ce jakar Bal'amu, a Littafin Ƙidaya, sura ta 22.

Ta hanyar tafsiri da littattafan ƙissoshin annabawa macijin ya shigo bakin Musulmi. Imam Ɗabari, wanda ya rasu a shekara ta 310 bayan Hijira, ya kawo ruwaya daga Wahbu bin Munabbih cewa Iblis ya shiga cikin maciji domin ya sami hanyar shiga Aljanna, a lokacin macijin yana da ƙafafu huɗu kamar raƙumi, kuma wasu marubutan sun ƙara ɗawisu a cikin labarin. Irin waɗannan ruwayoyi malamai suke kira Isra'iliyyat, kuma hadisin Bukhari ya umarci kada a gaskata Ma'abota Littafi, kada kuma a ƙaryata su. A ganina mai wa'azi yana iya ambaton labarin, amma bai kamata ya gabatar da shi tamkar aya ba. Inda Alƙur'ani ya kawo maganar dabba a fili shi ne zamanin Annabi Sulaimanu (AS), wato tururuwa da alhudahuda a Suratun Namli. Ko hankakan da ya nuna wa ɗan Adamu yadda zai binne ɗan'uwansa, a Suratul Ma'ida aya ta 31, tona ƙasa kawai ya yi.

Game da tambayarki ta biyu, wanda ya bi waɗannan labarai zai lura cewa sau da yawa ana sa magana a bakin dabba ne daidai inda ake son bayyana yadda mutuwa ta shigo duniya. Zulu na Afirka ta Kudu suna cewa Unkulunkulu, wato mahalicci a imaninsu na gargajiya, ya aiki hawainiya ta shaida wa mutane cewa ba za su mutu ba, sai ta yi ta jan ƙafa, tana tsayawa cin abinci a hanya. Daga baya ya aiki ƙadangare da saƙon cewa za su mutu, shi kuwa ya sheƙa a guje ya riga ta isa, kuma da hawainiya ta zo mutane suka ce sun riga sun karɓi maganar farko. Duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli hawainiya tana ɗaga ƙafa, tana rangaji gaba da baya kafin ta sauke ta, ya san dalilin da ya sa aka ba ta wannan matsayi.

Bambancin da ya kamata ki riƙe shi ne wanda alhaki yake kansa. A labarin Zulu mutum bai aikata komai ba, jinkirin ɗan aike ne ya jawo masa mutuwa, don haka hawainiya ake zargi. A Littafin Farawa Adamu ya tura laifin kan matarsa, ita kuma ta tura kan maciji, amma hukunci ya hau kan su ukun. A Suratul A'araf, aya ta 23, Adamu da matarsa ba su ambaci wanda ya ruɗe su ba, cewa suka yi sun zalunci kansu, suka roƙi gafara.