Wace Inshorar Lafiya Ta Dace da Baba?

Tambaya: Mahaifina ɗan fansho ne mai shekara 68, yana fama da hawan jini. Wace inshorar gwamnati za mu zaɓa masa? Daga wata mai karatu a Kano.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wato NHIA, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin tsohuwar hukumar NHIS, tana da shirin GIFSHIP mai karɓar 'yan fansho, ana biya duk shekara. Hukumar taimakekeniyar lafiya ta jihar Kano, wato KSCHMA, ita ma tana da nata tsarin. Kafin ku biya ko sisi, ku tabbatar magungunansa na hawan jini suna cikin jerin da tsarin ya ɗauka, sannan ku zaɓi asibiti mafi kusa da gida, domin nisa kaɗai kan hana dattijo komawa awon jini a kan lokaci.