Amsa ga mai shirin zagaya hamadar Amurka da mota a hutun Disamba

Wa'alaikumus salam Malam. Ka ce za ka ɗauki Hajiya da yara ku sauka Las Vegas, ku yi hayar mota ku zagaya gandayen yawon buɗe ido na Death Valley da Zion da Bryce da Grand Canyon cikin mako guda, kana tambaya ko lokacin ya dace. Ya dace ƙwarai, ni ma a lokacin sanyi nake bin hanyar nan. Sai dai kada sunan hamada ya sa ka ɗauka yanayinsu ɗaya ne. A yankin nan tsayin wuri ne yake yanke hukuncin sanyi, don haka duk inda za ku kwana, fara duba tudunsa.

Death Valley kwari ne. Badwater, wurin da ya fi zurfi a kwarin, na can ƙasa da saman teku da mita 86, kuma a Furnace Creek, wani zango a cikin kwarin, aka auna zafin digiri 56.7 na ma'aunin Celsius a shekarar 1913. Da bazara ba wurin kai yara ba ne. A Disamba kuwa rana tana da daɗi, riga mai dogon hannu ta isa, sai da dare ka ji irin sanyin Agadas a tsakiyar hunturu. Bryce kuma kan tsauni yake, sama da mita 2,400. Can dusar ƙanƙara ce sosai, ruwan da ka bari a mota sai ka tarar ya daskare da asuba. Kudancin Grand Canyon ya kai kusan mita 2,100, shi ma yana samun dusar. Ɓangaren arewa a rufe yake duk lokacin sanyi, kada ma ka sa shi a lissafi.

Da ni ne, da yara a mota, zan cire Bryce. Ba don bai da kyau ba. Jajayen duwatsun nan da farar dusa a kansu, wallahi abin kallo ne. Amma rana tana faɗuwa wajen ƙarfe biyar, wani wurin ma kafin haka, kuma tuƙin dare a kan tudu shi ne haɗarin tafiyar: ruwan da ya narke da rana yakan sake daskarewa a kan kwalta, ba ka ganinsa sai mota ta zame. Daga Las Vegas zuwa Death Valley awa biyu ne da ɗan wani abu, zuwa Zion kusan uku, zuwa Grand Canyon huɗu da rabi. Uku ɗin nan sun cika mako. Ka tuna kuma da kun bar jihar Nebada, inda Las Vegas take, kuka shiga jihar Yuta ko Arizona agogo zai ƙaru da awa ɗaya, lokutan salla ma sai a sake dubawa.

A Zion, galibin lokacin sanyi ana barin mutum ya shiga cikin kwarin da motarsa, amma a makon Kirsimeti masu kula da gandun sukan dawo da bas-bas ɗinsu a maimakon motocin mutane saboda cunkoso.

Batun kuɗi: tunda kana zaune a Amurka, sayi katin shekara na America the Beautiful, dala 80, ya ishi mota guda a duk gandayen gwamnatin tarayya. Ba ya aiki a wasu wuraren kallo na yankin kamar Antelope Canyon da Monument Valley, don ƙasar 'yan ƙabilar Nabaho ce, nasu kuɗin daban, Antelope ma sai da ɗan rakiya.

Mai kuwa, kada ka bari tanki ya sauka ƙasa da rabi. A cikin Death Valley akwai gidan mai a Furnace Creek da Stovepipe Wells, amma da tsada, gara ka cika a garin Pahrump da ke kan hanya daga Las Vegas. Sabis ɗin waya yana ɗaukewa na dogon zango, saboda haka sauke taswira tun kana otal. Kada ka kai motar haya hanyar burji, yawancin kamfanoni ba su yarda ba, in taya ta fashe a can kai za ka ji a jikinka.

Abinci a yi guzuri tun daga Las Vegas, akwai masallatai da shagunan naman halal, bayan nan sai ka wahala. Hajiya ta soya nama da miya a zuba a cikin kula, a ɗauki ruwa katan-katan, domin iskar busasshiya ce, yara ba sa jin ƙishi amma leɓe na tsagewa. Man shafawa ma dole. Mu mukan cika fulas biyu, ɗaya na shayi, ɗaya na ruwan ɗumi don alwala. Alƙibla a can ta fi karkata arewa, ba gabas ba kamar yadda muka saba a gida.

Allah ya kai ku lafiya. In ka tsayar da ranaku, turo mu duba maka inda ya fi dacewa ku kwana kowane dare.