Ga 'yar'uwar da aikin jakadiyar ɗalibai ya sha wa kai

Wallahi 'yar'uwa da na karanta tambayarki sai na ji kamar ni na rubuta ta. Kin ce an zaɓe ki cikin jakadun ɗalibai na jami'arku, aka ce aikin sa kai ne na ɗan lokaci, yanzu ga shi kullum sai an neme ki ga jarrabawa ta matso, shin ki ajiye ko ki daure. Ni dai na ce kar ki ajiye tukuna, amma ki daina ɗaukar kayan da ba naki ba.

Zagayawa da baƙi cikin makaranta, tarbar sabbin ɗalibai, zuwa sakandare yi wa yara bayani, amsa tambayoyi a intanet, duk wannan ba shi ne ya dame ni ba, har daɗinsa nake ji. Abin da ya ƙona min rai kodinetarmu ce, wato matar da ke kula da mu jakadu. Ranar da aka buɗe makaranta ga iyaye da masu neman shiga ta tara mu da sassafe ta ce duk wanda ya tambayi ɗakin kwana ku ce masa ɗan aji ɗaya ba ya rasa gurbi. Da bakinta ta faɗa, muna tsaye da rigunanmu iri ɗaya da baje mai suna a ƙirji. Wani dattijo ya zo da 'yarsa, ya tambaye ni har ya maimaita saboda daga nesa suke, na faɗa masa abin da aka ce mu faɗa, ya ciro biro ya rubuta sunana a bayan takardar da muka raba. Da aka fara semista yarinya ba ta samu ɗaki ba, ya dawo ofis da takardar nan a hannu aka aiko kirana ina tsakiyar lakca. Kin san me matar nan ta ce a gabansa? Wai ofis bai taɓa faɗin haka ba, ai ɗaliba ce ƙila ba ta fahimta ba. Ko kallona ba ta yi ba tana ta latsa waya. Shi kuwa bawan Allah bai zage ni ba, cewa kawai ya yi 'yata da kin ce ba ki sani ba ai da ya fi, to wannan maganar ta fi min zagi ciwo. Kuma a ƙarshen shekara ita aka yaba wa a taro, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi, har yau ba ta ce min yi haƙuri ba.

To don Allah duk abin da aka ce ki faɗa wa baƙi, ki ce a turo miki a rubuce, imel ko saƙon guruf, ki adana. Maganar admishan, sikolashif, kuɗin makaranta, ɗakin kwana, biza, ba hurumin jakada ba ne, naki shi ne ki faɗi yadda rayuwar ɗalibi take, yadda lakca take, ina laburare, ya kika saba da wurin. Sauran ki ce ku zo in raka ku ofishin da ke kula da shi, ba gazawa ba ce.

Lambar wayarki kuma kar ki ba kowa, da yawan yaran nan ba su kai shekara 18 ba, kuma wanda kika ba sai ya kira ki tsakar dare. Ki yi amfani da imel ɗin makaranta, ko Unibuddy, dandalin intanet da masu neman shiga ke hira da jakadu ta cikinsa, in jami'arku na da shi. Hoto ma ki kula, kafin ki sa hannu a takardar yarda ki tambayi ina za a saka shi, sai ki gama makaranta fuskarki na nan a talla.

Na ga ba ki faɗi ko ana biyanku ba. Akwai jami'o'in da ke biyan jakadu kuɗin awa, musamman a Ingila, in ma can kike da bizar ɗalibi ta digiri ki tuna awa 20 ne iyaka a mako lokacin karatu kuma aikin da ake biya yana cikin lissafin. In kyauta kike yi to ki riƙa rubuta kowane aiki da ranarsa, ki nemi satifiket da takardar shaida tun kina ciki, in kin fita babu mai tuna ki.

Batun jarrabawa kuwa ki tura wa mai kula da ku jadawalinki yau ɗin nan, ki ce daga rana kaza zuwa kaza ba na nan, ba sai kin yi ta ba da haƙuri ba. In suka ce ba su yarda ba, to a nan ne zan ce ki miƙa musu rigarsu.