Gasa kabewar kafin ta shiga cikin tsiron sha'ir

Ka tambaya ko za ka zuba kabewa ɗanya a giyar lokacin kaka irin ta Amurka da kake son haɗawa a gida. Kada ka zuba ta ɗanya. Ka yayyanka ta, ka gasa a tanda na kimanin awa ɗaya har gefenta ya yi ja, sannan ka jiƙa ta tare da tsiron sha'ir (wato sha'ir da aka bari ya tsiro sannan aka busar) a ruwa mai zafin digiri 67 na ma'aunin Celsius, domin sitacinta ya koma sukari.

Abin da na lura da shi shi ne, gasasshiyar kabewa tana yin kauri har ta toshe abin tacewa, saboda haka ka gauraya ƙaiƙayin shinkafa a ciki don ruwan ya samu hanyar wucewa. Kirfa da kanumfari kuwa sai lokacin tafasa ruwan da ka tace, daf da sauke tukunya, kuma ɗan kaɗan, don kanumfari yana danne ƙanshin kabewar gaba ɗaya.