Lambar Yabon da Ba Ta Fito a Takardar Sallama Ba

Tambaya: Mahaifina tsohon sojan Amurka ne, amma takardarsa ta sallama, DD 214, ba ta ambaci wata lambar yabo da aka ba shi ba. Yaya za a gyara?

Amsa: Ya fara neman kwafin bayanansa da fom SF 180 daga cibiyar adana takardun sojoji da ke birnin Sant Luwis na Amurka, sannan ya cike fom DD 149 zuwa hukumar gyaran bayanai ta rundunar da ya yi wa aiki, tare da umarnin ba da lambar ko shaidar abokan aikinsa, domin hukumar hujja take dubawa. Wa'adin miƙa fom DD 149 shekara 3 ne daga ranar gano kuskuren, ko da yake ana iya ɗaga ƙafa. Idan gobarar da ta tashi a cibiyar adana takardun a 1973 ta cinye fayil ɗinsa, takardun da ya adana a gida za su yi amfani ƙwarai.